Wutar kaka da hayaƙinta: tarihin toyin daji a ƙasar Ƙonni, Malbaza da Illela

Tsakure

Takardar nan tana bin tarihin wata dabara ta ma'aikatan gandun daji, wato sa wa daji wuta da gangan a ƙarshen damana don kada babbar gobara ta cinye shi da bazara. Ta nuna inda dabarar ta samo asali, da dalilin da ya sa ta zauna a gandun W amma ba ta sami gindin zama a gundumomin Birnin Ƙonni, Malbaza da Illela ba. Ta kuma nuna cewa tun daga dokar 1935, itace da haki hukuma ke ƙirgawa idan ana maganar wuta. Hayaƙin da mutane ke shaƙa bai shiga lissafi ba sai daga baya, lokacin da ya riga ya bar daji ya koma gona da cikin gida.

1. Gabatarwa

A wajen masana gandun daji wuta iri biyu ce. Akwai gobarar daji, wadda ke tashi ba shiri, ta ci abin da ta tarar. Akwai kuma wutar da hukuma ke sawa da kanta, a wurin da ta zaɓa da ranar da ta zaɓa, tun haki bai gama bushewa ba. Ita ce Faransawa suka kira "feu précoce". A cikin wannan takarda za mu kira ta wutar kaka, domin a ƙasarmu lokacinta yana faɗawa ne tsakanin Oktoba da Disamba. Wadda ke ci daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da kome ya bushe ƙayau, za mu kira ta wutar bazara.

Yankin da muke magana a kansa shi ne kudancin jahar Tawa: gundumar Birnin Ƙonni, da ta Malbaza wadda aka cire daga cikinta a shekarar 2011, da ta Illela, mazaunin Sarkin Adar. Kada mai karatu ya haɗa wannan Illela da takwararta ta Nijeriya da ke tsallaken iyaka daf da Ƙonni. Ƙasa ce ta tudun dutse da jigawa, kwarin Magiya ya ratsa ta, ruwan saman da take samu a shekara kuwa yana kai-komo ne a wajen milimita 400 zuwa 550. Wannan adadi yana da muhimmanci, za mu dawo kansa.

Tambayoyinmu biyu ne. Me ya sa dabarar da aka yi ta koya wa ma'aikatan gandun daji na Afirka ta Yamma ba ta dace da wannan ƙasa ba? Kuma yaushe aka fara ɗaukar hayaƙi abin damuwa, bayan an daɗe ana kallon wuta ta fuskar itace kawai?

2. Wuta kafin doka

Kafin zuwan Turawa wuta kayan aiki ce, kamar gatari da hauya. Manomin da ke son sabuwar gona yakan yi sassabe da rani, ya sare sabara da geza da kalgo, ya bar su su bushe, ya tara, ya yi toyi gab da saukar ruwa. Tokar takan zama taki na shekarar farko. In gona ta gaji a bar ta saura shekaru da dama, a matsa gaba, domin a lokacin daji ya fi mutane yawa. Mafarauta sukan sa wuta su kori zomo da gafiya da gada daga cikin duhuwa. Masu ɗibar zuma suna aiki da hayaƙi. Maƙeran Adar, waɗanda Nicole Echard ta yi nazarin yadda suke narka tama, suna buƙatar gawayi mai yawa, kuma icen ƙirya suka fi so saboda ƙarfin garwashinsa.

Sai dai wannan wuta tana da lokaci, tana da masu ita. A al'adar Azna daji a rufe yake tun daga damana har a kai amfanin gona rumbu, sa'an nan a yi bikin buɗin daji, farauta ta halatta. Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, tana daga cikin garuruwan da suka shahara da bukukuwan shekara na Azna. Ko an bar maganar addini a gefe, hikimar wannan tsari a fili take: wanda ya sa wuta alhali dammunan gero suna gona, ko zana da shibci ba a yanka ba, ya jawo wa gari duka asara. Saboda haka mai gari da sarkin noma da shugabannin maharba su ne ke da ta cewa a kan ranar da za a taɓa daji.

Wutar da ta fi zama a zukatan mutanen Ƙonni ta yaƙi ce. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta faɗa wa Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa, ta ƙone garin. Mulkin da ya shigo ta wannan hanya shi ne, bayan shekara 36, ya kafa dokar da ta mai da toyin talaka laifi.

3. Dokar 1935 da gwajin Kokondekro

Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1904 ita ce ta gyara iyakar da ke arewacin Sakkwato, ayarin Tilho ya kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908, Nijar kuma ta zama cikakkiyar ƙasar mallaka a 1922. A cikin waɗannan shekaru hankalin kwamandoji yana kan haraji da hanya. Maganar daji ta taso da ƙarfi ne a shekarun 1930, kuma daga waje ta zo.

A 1935 wani masanin gandun daji ɗan Ingila, E. P. Stebbing, wanda ya zagaya arewacin Nijeriya da kudancin Nijar, ya shelanta cewa Sahara tana gangarowa kudu, ya ɗora laifin a kan sassabe da kiwo da toyi. Maganar ta tayar da hankalin gwamnatocin biyu, har suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi ƙasashen kan iyaka daga Disamba 1936 zuwa Fabrairu 1937. Cikin wakilan Faransa akwai André Aubréville. Kwamitin bai ga alamar cewa rairayin Sahara yana tafiya kudu ba. Abin da ya gani shi ne lalacewar ƙasa nan da can saboda aikin ɗan Adam. Duk da haka zargin da aka yi wa manomi da makiyayi bai gushe ba, kuma Aubréville ɗin nan shi ne ya yaɗa kalmar "désertification" a littafinsa na 1949, inda ya sa wutar daji a sahun farko na masu laifi.

Dokar 4 ga Yuli 1935 ita ce ginshiƙin tsarin gandun daji a dukan Afirka ta Yamma ta Faransa. Ta raba daji gida biyu: gandun da aka keɓe aka shata masa iyaka, da sauran dajin da aka ce yana ƙarƙashin kariyar hukuma. Ta hana sare waɗansu itatuwa, ta ƙuntata toyi, ta kuma ɗora wa gari alhakin gobarar da ta tashi kusa da shi in ba a sami wanda ya sa ta ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ya shuka gaba tsakanin talakawa da ma'aikatan gandun daji, domin makiyayi ko matafiyi ne zai bar garwashi ya wuce, gari ya biya tara.

Amma su kansu ma'aikatan sun san hana wuta ɗungum ba mai yiwuwa ba ne a ƙasar dogon haki. In an tsare daji shekara biyu ko uku, busasshen haki ya taru, ranar da wuta ta kama shi da bazara sai ta kashe har manyan itatuwa. Don haka aka shiga gwaji. Ingilishi sun fara nasu a Olokemeji, kudancin Nijeriya, a 1929. Aubréville ya kafa nasa a Kokondekro, kusa da Buwake a ƙasar Kodebuwa, a 1936. An yanki fili uku: ɗaya ba a sa masa wuta sam, ɗaya ana ƙone shi a tsakiyar Disamba, ɗaya kuma a watan Maris. An ci gaba da haka fiye da shekara 50. Filin da aka tsare ya zama kurmi. Na wutar Maris ya koma haki da tsirarun itatuwa. Na wutar Disamba ya tsaya tsakani, itatuwansa suka rayu, musamman inda ƙasa ke da kyau. Daga irin wannan sakamako aka gina koyarwar da ta shiga makarantun horar da ma'aikata: in ba ka iya hana wuta, to riga ta.

Abin lura shi ne inda aka yi gwajin. Buwake tana samun ruwa fiye da milimita 1000 a shekara, wato ninki biyu na abin da Ƙonni ke samu. Kuma abin da aka auna a cikin filayen uku shi ne yawan itatuwa da kaurinsu da irinsu. Hayaƙin da ke tashi daga ciki ba ya cikin tambayar.

4. Gandun W, inda wutar kaka ta zauna

A Nijar, wurin da wannan dabara ta sami karɓuwa sosai shi ne gandun W, a kusurwar kudu maso yamma, inda kogin Kwara ya yi lanƙwasar da ta ba wurin sunansa. An mai da shi gandun ƙasa a 1954. Ɓangaren Nijar ya kai kimanin hekta 220.000, sauran yana Benin da Burkina Faso. Hukumar UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin kayan gadon duniya a 1996, aka faɗaɗa wannan matsayi a 2017 ya haɗa da Arli da Panjari.

Shekaru da yawa masu tsaron gandun sun riƙa sa wuta da zarar damana ta ɗauke. Dalilansu sanannu ne. Wutar kaka ba ta da zafi sosai, tana bin inda ya bushe ta bar inda ke da danshi, saboda haka takan yayyanka daji ta bar tabo-tabo da za su tare wutar bazara. Tana buɗe fili, mai gadi ya hangi ɓarawon nama, baƙo mai yawon buɗe ido ya ga giwa da ɓauna. Babban dalili kuwa shi ne toho. Hakin da ya fi yawa a irin wannan ƙasa, kamar gamba, saiwarsa ba ta mutuwa da rani. In wuta ta cinye busasshen kansa alhali ƙasa na da sauran laima, cikin ƴan kwanaki sai ɗanyen toho ya fito, namun daji su sami abinci. A zamanin shirin ECOPAS, wanda Tarayyar Turai ta ɗauki nauyinsa daga 2001 zuwa 2008, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan Adam wajen bin sawun wannan wuta a ƙasashen uku. Rashin tsaron da ya mamaye yankin tun ƙarshen shekarun 2010 ya dagula aikin kula da gandun.

To, a nan ne bambancin yake. A jigawar Ƙonni da tudun Adar hakin da ya fi yawa mai shekara ɗaya ne, kamar ƙarangiya da kyasuwa. Yana fitowa da ruwa, ya zuba iri, ya mutu. In an ƙone shi a Nuwamba babu tohon da zai biyo baya. Abin da zai biyo baya shi ne wata bakwai ko takwas na fili tsirara, dabbobi ba abinci, iskar hunturu tana kwashe toka da ƙasar sama, wurin ya kama hanyar zama fako. Abin da yake magani a W, a nan cuta ne. Makiyayan Adar, Fulani da Buzaye, ba su jira wani gwaji ba kafin su san haka.

5. Yadda wuta ta ja baya a Ƙonni da Adar

Bayan samun ƴancin kai a 1960, gwamnati ta gaji tsarin 1935 kusan yadda yake. Dokar 4 ga Maris 1974 ta sake jaddada shi, ta lissafa itatuwa 15 da aka hana sarewa ba da izini ba, cikinsu har da gawo, kuka, tsamiya, giginya da goriba. Taron Maraɗi na watan Mayu 1984, a zamanin Seyni Kountché, ya mai da yaƙi da hamada aikin ƙasa baki ɗaya. Dokar 8 ga Yuni 2004 ita ce ta maye gurbin ta 1974: ta ci gaba da haramta wutar daji, ta bar ƙofa ga wutar gyaran daji a ƙarƙashin hukuma. A ƙasar Mali an gwada hanin da ya fi wannan tsanani a shekarun 1980, tarar da aka riƙa ci ta zama ɗaya daga cikin koke-koken talakawan karkara a kan mulkin Moussa Traoré kafin faɗuwarsa a 1991.

Idan aka duba da kyau, doka ba ita ce ta fi rage wuta a kudancin Tawa ba. Abubuwa uku ne suka yi wannan aiki. Na farko yawan jama'a. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17, jahar Tawa kaɗai tana da fiye da miliyan 3. Saura ta gajarce har ta ɓace a wurare da yawa, gona ta haɗe da gona. Wuta kuwa ba ta tafiya sai da abin ci a jere.

Na biyu fari. Bayan na 1973 zuwa 1974 da na 1984, gamba ta ragu ƙwarai a tudu, kuma kowa ya ga dabba ta mutu don rashin haki. Tun daga nan haki da kara suka zama haja. Ana kwashe karan gero da na dawa a ɗora bisa itace ko rumfa, ana share haki da manjagara a kai kasuwa a amalanke, masu kiwon turke a Ƙonni da Galmi da Badagishiri suna saye. Cinikin ya yi ƙarfin da har dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta tanadi ƙa'idoji a kan kwasar haki. Abin da ke da kuɗi ba a sa masa wuta.

Na uku, itace ya dawo cikin gona. A kwarin Magiya, wajen Buza, an fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska a 1975 da taimakon ƙungiyar CARE. Aikin Keita ya fara a 1984. A daidai wannan lokaci, daga jahar Maraɗi, dabarar barin tohon kututture ya girma a cikin gona ta soma yaɗuwa, har masu bincike suka ƙiyasta cewa ta shafi kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Manomin da ke renon gawo da kalgo a gonarsa, ko wanda ya yi tassa ya zuba taki, shi ne na farko da zai hana maƙwabcinsa sakin wuta.

Sakamakon haka, babbar gobarar daji ta zama matsalar arewacin jahar, wajen Abalak da Cintabaraden da Tasara, bayan layin da dokar 1961 ta shata a matsayin iyakar noma. Can haki yana shimfiɗe ba gona a tsakani, kuma shekarar da damana ta yi kyau ita ce shekarar da aka fi fargaba. Maganin da ake yi a can shi ne share hanyoyin tare wuta, ana biyan mutanen karkara kuɗin aikin. Wannan ja da baya na wuta a ƙasar noma bai tsaya ga Nijar ba. Wani nazari na hotunan tauraron ɗan Adam da aka buga a 2017 ya nuna cewa filin da wuta ke ci a duniya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015, galibi a ƙasashen haki da noma ya mamaye.

6. Lokacin da aka fara auna hayaƙi

Hayaƙi ya shiga binciken masana ta ƙofar yanayin duniya. A 1990 Paul Crutzen da Meinrat Andreae suka buga wata maƙala da ta nuna cewa toyin ƙasashe masu zafi yana zuba wa sararin sama iskar gas da ƙura masu yawan da ba a zata ba. Aka bi da awo a fili: a Lamto ta Kodebuwa a 1991, da kudancin Afirka a 1992. Daga baya tauraron ɗan Adam ya tabbatar da cewa wajen kashi biyu cikin uku na filin da wuta ke ci a duniya kowace shekara a Afirka yake.

Wannan awo ya fito da wani abu da gwajin Kokondekro bai duba ba. Duk matar da ta taɓa hura ɗanyen ice ta san ya fi busasshe hayaƙi. Haka wutar kaka take. Da yake hakin na da sauran danshi, ba ya ci sarai, sai ya riƙa turnuƙewa, kuma a kowane kilo da ya ƙone yakan fitar da iskar kabon monoksaid da metan da ƙananan ƙwayoyin hayaƙi fiye da na wutar bazara. A ɗaya gefen, wutar kaka ba ta cinye fili da haki mai yawa kamar ta bazara. Wanne ya rinjayi wanne, ya danganta da irin hakin da ranar da aka sa wutar. A arewacin Ostareliya an gina ciniki a kan wannan lissafi tun 2006, ana biyan ƴan asalin ƙasar su yi toyin farkon rani don rage hayaƙi. Binciken da Paul Laris da abokan aikinsa suka yi a kudancin Mali ya ja kunne a kan kwafo wannan tsari kai tsaye, domin manoma da makiyayan can sun daɗe suna toyinsu da wuri.

A Nijar, shekarar 2006 ce ta kawo awo mafi girma, a ƙarƙashin shirin AMMA. Jiragen bincike da suka tashi daga Yamai a Janairu da Fabrairu sun tarar da sararin sama hawa biyu: ƙurar hunturu a ƙasa, hayaƙin toyin ƙasashen kudu a bisanta, kilomita da dama sama da ƙasa. Ita wannan ƙura, babban tushenta kwarin Bodele ne a ƙasar Cadi. Tashar Banizumbu, gabas da Yamai, ta ci gaba da auna ƙurar da ke cikin iska shekara da shekaru, kuma da rani adadin yakan zarce ma'aunin lafiya nesa ba kusa ba. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaurara wannan ma'auni: ga ƙwayoyin da ake kira PM2,5, waɗanda ke kutsawa har ƙasan huhu, matsakaicin shekara kada ya wuce mikrogiram 5 a mita kubik na iska, na yini kuma 15.

Ke nan mutumin Ƙonni ko Malbaza ba hayaƙin gandun daji ne ya fi shaƙa ba. Da farko akwai hazo daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin tari da mura, wanda kuma ya zo daidai da farkon lokacin sanƙarau a wannan yanki da Lapeyssonnie ya siffanta tun 1963. A kan hazon sai a ƙara toyin sharar gona a Afrilu da Mayu, da juji mai cike da leda da ake ƙonewa a bakin gari, da hayaƙin manyan motoci da babura a mahaɗar Ƙonni da Tsarnawa, da ƙurar masana'antar siminti da ke Malbaza tun shekarun 1960. Sama da duka akwai murhu. Da ice ya yi tsada, gidaje marasa ƙarfi suka koma ga kara da kashin shanu, waɗanda suka fi ice hayaƙi, mace tana tsugune a kansu safe da yamma da goyo a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3,2 a duniya a shekarar 2020.

Abin mamaki shi ne ko murhun ma, ta fuskar itace hukuma ta fara dubansa. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi da aka yaɗa a shekarun 1980, da dokar kasuwannin ice na karkara ta 1992, manufarsu ita ce rage saran daji. Sai a dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998 aka keɓe sashe na musamman domin kare iska.

7. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya tsayar da magana uku. Wutar kaka dabara ce da aka gwada a ƙasar dogon haki mai saiwa, kuma can take da amfani. A kudancin Tawa, inda haki ke mutuwa da damana, asara ce, shi ya sa ba ta kafu ba. Na biyu, raguwar toyi a wannan yanki ta biyo bayan ƙarewar saura da tsadar haki da dawowar itace cikin gona, fiye da yadda ta biyo bayan tara. Na uku, tsawon shekara 63, daga 1935 zuwa 1998, ana tsara doka a kan wuta domin itace, mai shaƙar hayaƙin yana gefe.

Wannan yana da amfani ga masu tsara ayyuka a yau. Duk shirin da zai zo da maganar toyin farkon rani don sayar da ragin hayaƙi a kasuwar duniya, ya kamata a fara tambayarsa wane irin haki zai ƙone, kuma dabbar wa za ta kwana da yunwa. Kuɗin da za a kashe domin iska mai kyau a Ƙonni da Malbaza da Illela, murhu da juji suka fi cancanta da shi.

Ga ɗalibai masu neman abin bincike, akwai aiki a nan da ke jiran hannu. Rahotannin kwamandojin Ƙonni da Tawa da ke gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa a Yamai, da littattafan tara na ma'aikatar gandun daji, za su nuna wa aka ci tara, a wane wata, kuma a kan wace wuta. Rajistar asibitoci, kamar ta asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, za ta ba da damar a jera ciwon huhu wata-wata a gwada shi da lokacin hazo da na toyi. Tsofaffin maharba da sarakunan noma kuwa, waɗanda suka ga daji kafin farin 1973, ya kamata a ɗauki maganarsu tun suna raye.